Ragon Baba Stoyna

Shekara goma sha tara Baba Stoyna tana yanka rago ranar Waliyyi Georgi, tun da aka zaro ɗanta Zdravko daga ƙarƙashin tarakta da sauran numfashi. Alwashi ta yi wa Allah: kowace shekara kurban, wato ragon sadaka, a dafa, fadan coci ya sa wa tukunya albarka, gari ya cinye. Ta yi imani ranar da ta fasa, ranar za a karɓe mata ɗa.

Bana aka turo mana sabon fada, Pahomiy, wanda ya yi karatu a Rasha, gemunsa ko cika bai yi ba. Ni ke sayar da kyandir a coci, don haka a gabana aka yi.

"Fada, romo ya nuna," in ji Baba Stoyna. "Zo ka sa wa kurban albarka."

"Baba, kin san asalin kalmar nan kuwa? Ta Larabawa ce, Turkawa suka bar mana ita. A Rasha in ka ce kurban, layyar Musulmi kake nufi. Ba zan yi addu'a a kai ba."

"To Rasha muke? Ɗana, ranar da yarona ke kwance jina-jina, da kalmar nan na roƙi Allah, bai tambaye ni inda na samo ta ba."

"Jahilci ne, Baba."

Jahilci! Matar da ta share cocin nan tun ba a haife shi ba. Raina ya ɓaci, amma na ci gaba da gyara kyandirori kamar su suka dame ni. Fada ya ja ƙofar coci ya rufe.

Mutane na tsaye a farfajiya da kwanoninsu, ba mai iya ɗiba, don ba a taɓa cin kurban ba albarka ba. Maza duk suka sunkuyar da kai, manya-manyan banza.

Baba Stoyna ta cire ludayi, ta tsaya kan tukunyar. Ba ta iya karatu ba. Ta haɗa guntayen addu'ar da kunnenta ya tsinta, ta ambaci Zdravko sau uku, ta yi alamar gicciye a kan tururin. Sannan aka matso aka ci.

Muna wanke tukunya ta kama hannuna.

"Radka, ke da kike coci kullum, faɗa min gaskiya. Ya karɓu?"

Na ce ya karɓu. Ba ta saki hannuna ba.