Man Kurkum Cikin Takaba

Badaru ya dawo Sabon Birni daga fataucin Maraɗi da zazzaɓi a jikinsa, ko jakarsa bai samu kwancewa ba. Bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinsa. Sai da 'yan gaisuwa suka ragu matarsa Bara'atu ta buɗe jakar. Kayan da ya saba sarowa ne, dabino da ganyen shayi da taliya. A can ƙasa kuma, naɗe cikin hularsa, ta tarar da wata 'yar roba mai murfi, babu rubutu a jikinta. Mai ne a ciki, rawaya kamar garin ɗorawa. Ta sunsuna ta ji kurkum da man kaɗanya.

Bara'atu tana da wani tabo a kuncinta na hagu, wanda ke tashi lokacin zafi ya yi ta ƙaiƙayi. Ta sha yi wa Badaru mitarsa. Shi kuwa mutum ne da sai an matsa bakinsa magana ke fitowa, iyakarsa ya ce "Allah shi sawwaƙe" ya sa takalmi. Da ta ga man sai ta ce a ranta, ashe dai yana ji, magani ya sayo mata. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta fara shafawa kullum da safe.

Ƙaiƙayi ya lafa. Amma kurkum bai san inda aka aike shi ya tsaya ba. Fuska ta yi sumul, ta ɗauki haske, rawaya ta kama bakin hijabinta. Ga ta kuwa cikin takaba, lokacin da matar mamaci ba ta sa kwalli, ba ta ƙunshi, ba ta ko kusantar turare.

Ana haka Habi, yayar marigayin, ta sauko daga motar garin Isa don ta duba yara. Habi irin matan nan ce da ke ganin ƙura a saman kwaba tun daga zaure. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ke Bara'atu, matso in gani. Mi as samu huskarki?"

"Magani na, Yaya. Cikin jaka tai ni gane shi."

"Magani? Ni Habi, kurkum anka shahwa min da za a kai ni ɗaki. Kurkum dai na amare na. Ƙanena bai gama kwantawa cikin ƙasa ba, ke kina sheƙi awa amarya?"

Maganar ta daki Bara'atu a ƙirji. Ba tsoron bakin Habi ta ji ba, ta saba da shi. Abin da ya tsorata ta shi ne kada a ce takabar nan, hidima ta ƙarshe da za ta yi wa mijinta, ita da hannunta ta ɓata ta. Ta shiga bayan ɗaki ta dirje fuska da sabulu, rawayar ta ƙi fita.

Mai takaba ba ta yawo, don haka ta aika aka kira yayanta Zayyanu tela, ta tura shi wurin limamin unguwa. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki.

"Liman ya ce in magani na, babu laihi. In ado na, ki bari."

"To wanga wane na cikinsu?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi littahi yas sani, bai san mai ba. A kai ma masu magani."

Zayyanu ya ɗauki roba ya nufi kemis na bakin tasha. Mai kemis ya sunsuna, ya lakata ya murza a bayan hannunsa, ya ce irinsa ya cika gari yanzu. Wasu matan don ƙuraje suke saye, wasu don hasken fata, shi kuma bai taɓa tambayar kowa dalili ba. Zayyanu ya dawo da robar da amsar da ba ta fi ta liman ba.

Har wata Bafulatana 'yar Kurawa da ke kawo musu nono sai da ta sa baki. Ta leƙa robar ta ce su kam gangamau suke ce masa, kuma a kan gyambon saniya suke barbaɗa shi.

"Kin ji ko, Yaya? Magani na," in ji Bara'atu.

Habi ta ce, "Ke saniya ta?"

Aka sake tura Zayyanu wurin liman, yana tafe yana ƙunƙuni ya bar ɗinkin mutane. Liman ya ce to, tunda abin ya zama haka, magana ta koma ga niyya. Nan ne fa kan Bara'atu ya ƙara ɗaurewa. Ta san don ƙaiƙayi ta fara shafawa. Amma ta tuna wata safiya da ta ga fuskarta a cikin ruwan randa, ta ɗan tsaya, kuma ta ji daɗi. Wannan tsayuwar ta magani ce ko ta ado? Ta juya abin ta juya, ta rasa gane kanta. Ta daina shafawa, tabo ya dawo da ƙaiƙayinsa, amma ranta bai kwanta ba.

Habi ce ta gaji. Ta ce, "Tunda ke ba ki san niyyarki ba, a bincika ta wanda yas sayo. Is'haƙa na abokin tahiya tai, a kira shi."

Is'haƙa ya zo bayan la'asar, ya durƙusa a bayan zana, matan suna daga ciki. Zayyanu ya miƙa masa robar. Da ya gan ta sai ya yi 'yar dariya.

"Na san ta," ya ce. "Mun ƙare sayayya, mota na jiranmu, sai yat tsaya wurin wata macce mai kayan mata. Ya kewaya ta ya hi a ƙirga, kunya ta hana shi magana. Daga baya yac ce ta ba shi abin da mata ka so, mai sa huska kyau. Nic ce, Badaru, aure za ka ƙarawa? Yac ce a'a. Tun da anka kawo uwar ɗiyana ban taɓa riƙo mata komi ba sai gishiri da taliya. Ga Salla na tahe."

Bara'atu ta ce da ƙaramar murya, "Bai yi maganar tabo ba?"

"Mai kayan ta tambaye shi ko kina da tabo ko ƙuraje, don man na yin duka biyu. Yac ce shi bai taɓa ganin komi ga huskarki ba."

Habi ta yi gaskiya ke nan, man na kwalliya ne. Amma maimakon ta ce ai na faɗa, sai ta toshe baki da gefen zane. "Badaru? Badarun da ni goya, shi at tsaye wurin kayan mata?" Ta fashe da kuka.

Bara'atu ta rasa abin da za ta ji. An ba ta amsar da take tsoro, ga shi kuma zuciyarta ta cika da wani daɗi mai ciwo, irin wanda ba ta taɓa ji ba yana raye. Ta karɓi robar ta danne murfin sosai, ta naɗe ta cikin hular, ta mayar ƙasan jaka.

Habi ta share ido ta ce, "Allah na gahwara, ba ki sani ba. Aje shi. In kin hita takaba ki shahwa abinki."

Bara'atu ta kai hannu ta sosa kuncinta na hagu.

"In shahwa wa shi gani, Yaya?"