Kalmar da Wattie Bai Taɓa Rubutawa Ba

Da aka zo maganar dutsen kabarin Elspet, mijinta Wattie Cargill bai nemi shawarar kowa ba. A sa sunanta da shekarunta, sai a ƙasa a sa abin da yake kiranta da shi tun tana budurwa tana gyaran kifi a bakin tashar jiragen ruwan garinsu Buckie, hannu duk gishiri. "Ma kwain" yake ce mata, wato yarinyata. Ta yi furfura, ta ga jikoki, gwiwa ta ƙi, amma a bakinsa ba ta taɓa tashi daga yarinya ba. Ita kuwa ko tana kicin ko tana shanya, sai ta ja masa rai kaɗan kafin ta ce, "Me kuma?"

Inda gizo yake saƙar, Wattie bai taɓa rubuta kalmar ba. A zamaninsu Turanci ake rubutawa a makaranta, wanda ya saki yaren gida a aji kuwa tafin hannunsa ya gaya masa. Yaren gidan nasu, Scots, a baki ya same shi, a baki ya riƙe shi.

Geddes mai sassaƙa dutse ya ce shi kam rubutun kalmar iri uku ya sani: quine, quyne da quean. Ya rubuta masa su da alli a jikin bango.

"Zaɓi ɗaya, dattijo, ka zaɓa da kyau. Dutse ba allon makaranta ba ne."

Wattie ya zuba wa bangon ido har shayin da aka ba shi ya huce, ya tafi bai zaɓa ba.

'Yarsa Rhona ta kira daga Edinburgh, ta ce ta duba ƙamus, ta ukun nan a tsohon Turanci mace marar kamun kai take nufi, kada ya ja musu abin faɗa a maƙabarta. Ta ce me zai hana a rubuta "mata abar ƙauna" yadda kowa yake yi.

"Uwarki ba kowa ba ce," in ji shi, ya ajiye waya.

Ya tambayi maƙwabta, ya kuwa yi da-na-sani. Wata ta ce ta farkon ce daidai, ita ake bugawa a kofunan da ake sayar wa baƙi. Wani ya rantse ta biyun ce, haka kakarsa take rubutawa, alhali duk garin an san kakar tasa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Kowa da kiɗan da ya karɓe shi. Wattie ya koma gida, ya zauna a kujerarsa yana kallon tata. Kewarta ta cika shi fal. Duk haruffan nan babu wanda ya yi masa kama da ita, yana kuma tsoron ya kafa mata kalmar da ba tata ba ta zauna a kanta har abada.

Ranar da ya koma wurin Geddes ana yayyafi. Ya ce shi fa ya rasa ta cewa.

Geddes ya goge bangon da hannun rigarsa. "To bar haruffan. Faɗe ta in ji, yadda kake faɗa mata a gida. Kunnena zai zaɓa."

Sai a lokacin Wattie ya lura cewa tun da aka binne ta yake ta maganar kalmar da mutane, amma bai ƙara yin kira da ita ba. Ya gyara murya. Kansa ya ɗan karkata hagu, wajen da ƙofar kicin take in da a gida ne.

"Ma kwain."

Ya ja tsakiyar kalmar yadda ya saba. Geddes ya gyaɗa kai, ya ɗauki alli ya rubuta quyne a kan dutsen, ya ja da baya.

"Haka ta yi?"

Wattie bai dubi dutsen ba. Ya ɗaga masa hannu.

"Dakata tukuna. Takan ɗan jima kafin ta amsa."