Tagar da Aka Buga wa Ƙusa

Tela bai ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba har sai da ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama karo na uku. Sigari na maƙale a gefen bakinsa, tokar ta yi tsawo tana neman faɗowa.

"Mun ji, mun amsa. Na ce miki nan ba asibiti ba ne."

Wata biyu ke nan tana bin layin teloli shago-shago, tana auna jinin mutane tana yi musu wa'azin taba. Tela ya tsane ta, tsana ta gaske. A ganinsa, yarinyar da aka haifa a gabansa ba za ta koya masa yadda zai yi da ƙirjinsa ba.

"Ba wajenka na zo ba, Malam," ta ce. "Tarin da nake ji daga waje ne ya shigo da ni."

Mai tarin yayansa ne, wanda ke guga a ƙuryar shagon shekara goma sha tara. Yaya bai taɓa sa karan sigari ɗaya a bakinsa ba.

"Mura ce," in ji Tela.

Ta ciro wani ɗan bututu mai lambobi, ta ce in an hura yana nuna ƙarfin numfashi. Tela ya fizge shi don ya kunyata ta. Ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi, alamar ta haye can sama.

"Ba laifi," ta ce. "Yau dai."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kwali guda nake sha a rana! Je ki faɗa wa waɗanda suka aiko ki."

Ta canza bakin bututun ta miƙa wa Yaya. Ya ajiye dutsen guga, ya cika ƙirji, ya hura. Alamar ta ɗan motsa ta tsaya. Tari ya sarƙe shi sai da ya dafa tebur.

Ma'aikaciyar ta bi ɗakin da kallo. "Wannan tagar ba ta buɗuwa ne?"

Ba ta buɗuwa. Tela da hannunsa ya buga mata ƙusa biyu tun shekarar da suka kama shagon, don ƙurar titi tana ɓata farin yadi, shi kuwa gara ya wuni da yunwa da a ce aikinsa ya fita da datti. Ƙofa ma labule mai kauri ya sa mata. Duk layin an san yana tinƙaho da wannan.

"Duk abin da ka busa a ɗakin nan, shi yake shaƙa," ta ce. "Gobe ya je asibiti a duba shi sosai. Gobe, ba jibi ba."

"Ke, fita min daga shago! Haɗa ni da ɗan'uwana kika zo yi? Munafuka kawai!"

Ta rubuta takarda ta ajiye a teburin guga, ta fita ko waiwaye babu.

Tela ya juya yana jiran Yaya ya taya shi zagi kamar kullum. Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya zare wayar dutsen guga, ya ɗauki hularsa.

"Yaya, kai ma ka yarda da ita?"

"Sau nawa na ce ka buɗe tagar nan? Ka ce yadin mutane." Bai ɗaga murya ba, ba shi da numfashin ɗagawa. "To, yadin mutane yana nan fari tas. Barkanka."

Ya ɗaga labule ya fita.

Tsoro ya kama Tela, irin wanda rabonsa da ji tun rasuwar mahaifinsu. Ya murƙushe sigarin ya ɗauko filaya. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sai da katako ya tsage kafin su fito. Iska ta shigo da ƙura, ta sauka a kan farar rigar da ke teburin guga, bai kakkaɓe ba.

Ta tagar ya hango Yaya. Bai kai ko ƙarshen layin ba, ya tsaya dafe da bangon maƙwabci yana jiran numfashi ya dawo.