Har Kafaɗa

Matar da ke cikin bidiyon wayar ta ƙame, baki buɗe, hannu ɗaya a sama. Wata 'yar da'ira tana ta juyi a kan hancinta.

"Mama, zafi," in ji Auta. Tana zaune a kan turmi, kanta dumu-dumu da farin man miƙar da gashi.

"Yi shiru. Ba ta ce a wanke ba tukuna."

Takardar da ke jikin kwalin ta ce minti goma sha biyar, kuma ban da yara. Amma takarda ba ta da gashi. Matar wayar kuwa nata ya sauka har kafaɗa, yana sheƙi, yana juyawa kafin wuyanta ya juya. Shi ake yayi a layin kaf. 'Yar mai shago ta yi, 'yan biyun tela sun yi. Gobe za a ɗauki hoton 'yan aji biyu, Auta kuwa tun bara yara suke kiranta Kan Soso.

Maman Auta ta ɗaga wayar sama, ta hau kujera, ta leƙa ta taga tana farautar sabis.

"Mama, kamar barkono!"

"Haka ado yake. Ni da na haife ki, kin ji na yi ƙara?"

"Baba ya ce har bakin titi an ji ki."

"Ubanki mai sanƙo, me ya sani a harkar gashi?"

Sai bayan minti arba'in matar ta farfaɗo, ta yi murmushi ta ce a gaggauta wankewa. Aka wanke. Rabin gashin ya bi ruwa ya toshe rariya.

* * *

Baban Auta mai aski ne. Da suka shigo shagon yana tsakiyar gyara wa wani tsoho gemu. Maman Auta ta cire wa yarinyar ɗankwali.

Tsohon ya leƙa, ya yi salati. "Akuya ce ta yi kiwo a nan?"

"Sabis ne ya ɗauke," in ji Maman Auta.

Mai aski ya buɗe baki. Ya tanadi magana mai kyau, har da karin maganar garin gyaran gira a ciki. Sai idonsa ya faɗa kan hotunan da ya manna a bango: kawuna ashirin da huɗu, babu ɗaya da ya yi kama da na wani da ya taɓa zama a kujerarsa. Shekara tara yana nuna wa mutane su, suna zaɓa, suna fita da haushin kawunansu. Ya kuma tuna ranar da 'yar mai shago ta wuce, ya ce, "Kai, ka ga gashi!" Auta na tsaye riƙe da hannunsa. Wa ya fara shafa man nan ke nan? Ya rufe bakinsa.

Ya ɗora ta a kujera, ya sa mata katako don ta kai madubi, ya ɗaura mata farin ƙyalle. Ya bi kan da aska a hankali, yana kauce wa wuraren da suka ƙone. Abin da ya rage ya miƙe sambal, ba ƙarya, man ya yi aikinsa. Yana zuba sili-sili a kan ƙyallen.

Da ya gama ya ɗauki buroshi.

Auta ta riƙe hannunsa. Tana kallon madubi, ta daidaita kafaɗunta a hankali don kada abin da ke kansu ya zame.

"Baba, kar ka kakkaɓe. Bari Mama ta ɗauke ni hoto tukuna."