Baƙar Lakar Tabki

A gidanmu, a nan Romaniya, duk mai ciwon gaɓoɓi tabkin gishiri na Techirghiol ake kai shi. Kakarmu ta je, Mama ma ta je. A tsakiyar Yuli za ka shafe jikinka da baƙar laka daga wuya har idon sawu, ka tsaya a rana ƙiƙam sai ta bushe ta tsattsage, sannan ka faɗa ruwa. Wanda ya ce ba ta magani, kallon mahaukaci Mama take yi masa.

To amma ciwon ƙanwata Ilinca ba sanyin ƙashi ba ne. Lupus ne. Garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar ta, ta taɓa gaɓoɓi da fata, ta fara leƙen ƙoda. A gabana likita ta gaya wa Mama, har sau biyu, cewa hasken rana na tayar da ciwon. Mama ta gyaɗa kai kamar ta Allah, ashe ta bayan kunnenta maganar ta bi.

Ina wurin aiki a birnin Constanța, Mama da Ilinca suka hau bas zuwa tabkin ba su gaya mini ba. Kwana huɗu ana shanya yarinyar nan kamar wanki. A mako na biyu kumatunta suka yi jajur, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya koma kumfa. Likita ta ce ƙodar ta taɓu sosai. In magani bai kama ba, sai wankin ƙoda.

A barandar asibiti na tarar da Mama riƙe da kwanon tuwon masara da cuku. Raina ya gama ɓaci, ban ko gaishe ta ba.

"Mama, kashe ta kike so ki yi?"

"Ke Sanda, kama bakinki. Lakar nan ce ta tayar da kakarku daga kan gado."

"Kaka sanyin ƙashi gare ta! Ba a gabanki likita ta yi bayani ba? Ko da Turkanci ta yi?"

"Likitar da ko aure ba ta yi ba? Yarinya kullum a ɗaki, labule a sauke, kamar ɓera. Ta ina lafiya za ta shigo?"

Na bar ta nan kafin in faɗi abin da zan yi nadama, na shiga wurin Ilinca. Ita ma ban raga mata ba.

"Ke kuma da karatunki, da shekara ashirin da shida a duniya, ba ki da bakin cewa a'a?"

Ta daɗe tana kallon robar ƙarin ruwan da ke hannunta.

"Na sani, Yaya. Tun a bas na san abin da zai faru."

"To don me?"

"Shekara biyu Mama tana ce mini raguwa. Ta ce ga ni jajir da ni, ciwon me. Ranar nan a bakin tabki da hannunta ta shafa mini laka a baya, a hankali, tana cewa sannu 'yata, sannu, na san yana miki ciwo." Ta share ido da gefen zanin gado. "Ranar ce ta fara yarda ba ni da lafiya. Ke ce za ki tashi ki koma inuwa?"