Takardar da Malam Bai Karɓa ba

Tumakina uku na sayar a kasuwar Tsibiri muka biya kosiyo, kuɗin ajiyar nan da mai gida ke riƙewa har ranar tashi. Jikka arba'in da biyar na sefa. Ina tsaye a soro Alhaji Gado, mai gidan da muka kama haya a unguwar Zariya, ya jawo biro zai rubuta mana resi. Sai mijina, Malam Idirisa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan mutane rubutu a lakwal, makarantar boko, ya riƙe masa hannu.

"Haba Alhaji, tsakaninmu har da takarda? Kai hwa uba ne."

Alhaji ya yi murmushi ya mayar da biro aljihu. Ni kuwa kunya ta hana ni neman takardar, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Shekara uku muka yi a gidan. Aka yi zaɓe, aka karya darajar sefa, albashi ya yi wata biyar bai zo ba. Muka yanke shawarar komawa Jiratawa, inda wani ya yarda ya ba mu aron fili a fadamar noman rani, in mun kai kuɗi kafin a saki ruwa. Da kosiyon nan kaɗai muka dogara. Na share gida, na shafe ɗakuna da farar ƙasa, Malam ya kai wa Alhaji makulli ya nemi kosiyonmu.

"Wane kosiyo?" in ji Alhaji. "Ni ban tuna ba."

Malam ya je komisariya wajen 'yan sanda, suka ce wannan ba tasu ba ce, ya tafi jastis, wato kotu. A jastis ana yajin aiki, su ma ba a biya su ba. Wani magatakarda da ya samu a gindin itacen bedi ya ji tausayinsa ya ce ko an buɗe, abin da za a fara tambaya shi ne takarda, in babu sai shaida. Shaidarmu ɗaya, Barmo dillali, wanda kullum a ƙofar Alhaji yake cin tuwo.

Saura mai unguwa. Na yafa mayafi na bi Malam. Aka kira Alhaji da Barmo gaban jama'a. Barmo ya kafa ido a tabarma ya ce shi dai ya ga an gaisa. Mai unguwa ya juya wajen mijina.

"Malam, kai da ka yi boko, ina takardarka?"

Alhaji ne ya amsa, da muryar tausayi. "A bar zancen ga. Ma'aikata suna cikin wani hali, kowa ya sani. Ni ba a bi na komi, amma ga wanga, saboda Allah."

Ya zaro jikka biyu ya ajiye gaban Malam. Jama'a suka ɗauki kabbara, ana ta yaba halin Alhaji. Cikin kuɗin tumakina ake yi mana sadaka, ga shi jibi za a saki ruwa a Jiratawa, filin ya tafi ke nan.

Na zuba wa Malam ido ina roƙon Allah ya tashi ya bar su a nan. Amma ya san ko tiyar hatsi babu a gida. Ya miƙa hannu biyu ya ɗauka.

"Malam, ba ka yi godiya ba," in ji mai unguwa.

Mijina ya sunkuyar da kai. "Allah shi saka da alheri, Alhaji."