Fitilar Ɗakin Masu Karaya

Ragna Vestergaard ta yi suna a Copenhagen, babban birnin Denmark, da fitilun teburin cin abinci. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, duk amaryar da ta san kanta tana so a rataya mata ɗaya. Murafai ne na jan ƙarfe hawa-hawa, kowanne ya kare na ƙasansa, haske ya zubo kan faranti amma ƙwan fitilar bai taɓa haɗa ido da mai cin abinci ba. Ita take zanawa, ƙanin mijinta Viggo yake bugawa a maƙerarsu da ke unguwar Nørrebro. Mijin ya rasu tun lokacin yaƙi, ya bar mata maƙerar da ƙanin, kuma takan ce ƙanin ya fi maƙerar wuyar sha'ani.

Wata safiya cikin Nuwamba kekenta ya zame a kan ƙanƙara, ta faɗi, ƙashin cinya ya karye. Aka kwantar da ita a ɗakin mata masu karaya, aka rataye ƙafar sama, likita ya ce sai bayan sabuwar shekara za a yi maganar tashi.

Ciwon bai dame ta kamar fitilun ɗakin ba. A wannan lokaci na shekara, kafin a kawo gahawar la'asar duhu ya riga ya rufa, sai a kunna su. Ƙwaye ne tsirara jere a silin, kowanne da farin faranti a bayansa yana turo hasken ƙasa. Ga ma'aikatan jinya da ke tsaye babu laifi. Amma matan da ke kwance rigingine, waɗanda ko juyawa ba sa iya yi, a tsakar ido yake sukansu. Wasu su rufe fuska da tawul, wasu su kwana da ciwon kai.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa mai suna Petrea Munk, mai sayar da kifi a bakin ruwan Gammel Strand, wadda ta karya ƙugu a kan jiƙaƙƙen matakala. Kowa a ɗakin Iya yake ce mata. Da ta ji sana'ar Ragna sai ta cire tawul daga fuska ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe ke ce kika yi mana wannan aika-aikar," in ji ta. "To Allah ya kawo ki. Kwanta ki sha da kanki."

Ragna ta ce ba aikinta ba ne, nata fitilun ba su taɓa sukan idon kowa ba. Iya ta ce ita ma ba ta taɓa sayar da kifin jiya ba, a tambayi duk mai kifi a ji. Aka kwashe da dariya har wata ta riƙe haƙarƙarinta tana roƙon a daina.

Abin ya tsaya wa Ragna a rai. Ranar Lahadi ta sa Viggo ya kawo ɗaya daga cikin fitilunta. Sista Oda, shugabar ma'aikatan jinyar ɗakin, ta yarda da ƙyar aka rataya ta a saman gadon Ragna. Viggo ya kunna ya ja da baya yana murmushi. Daga inda yake tsaye fitilar ta yi kyau ƙwarai. Ragna kuwa ta ɗaga ido daga kan filo, sai ga ƙwan nan ƙuru-ƙuru ta ramin da ke ƙasan fitilar, har ya fi na asibitin zafi, don murafan sun tattara hasken wuri guda. Duk tsawon shekarun nan don mutumin da ke zaune take zane. Bai taɓa faɗo mata cewa wani zai kalli fitilarta daga ƙarƙashi ba.

Ta ce wa Viggo ya sauke fitilar. Iya ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mata tawul ɗinta kawai.

Kwanakin da suka biyo baya Ragna ko abinci sai an matsa mata take ci. Iya ce ta tsokano ta. Ta ce ita dai ba ta san zane ba, amma mace mai hannu biyu lafiyayyu ta kwanta tana jimami, abin kunya ne, ai ba da cinya ake riƙe fensir ba.

Ragna ta roƙi Sista Oda almakashi da kwalayen magani da aka gama da su. Ta ɗora faifan cin abinci a ƙirji ta fara yanka. Dabarar ita ce a juya fitilar: a sa mata kwano daga ƙasa, haske ya hau silin ya dawo a sanyaye. Duk samfurin kwalin da ta haɗa, sai a zagaya da shi gado-gado, kowace ta ɗaga sama ta faɗi albarkacin bakinta. Sista Oda ta ce ba za ta wanke rauni a duhun kyandir ba, tana bukatar haske sosai a kan gadon da take aiki. Sai Ragna ta yanka wa kwanon 'yar ƙofa a gefe, wadda za a buɗe a karkata ta wajen ƙafafun gado ɗaya, sauran su ci gaba da hutawarsu. Viggo ya ce kwanon zai zama maƙabartar ƙudaje, kuma ba shi zai zo yana kwashewa ba. Suka yi ta musu har lokacin ziyara ya ƙare, ya fita yana gunaguni. Da ya dawo, ya zo da kwanon da ake cirewa da juyi ɗaya a wanke.

Gwajin farko bai yi ba. Farin fentin da suka shafa a ciki ya ɗau zafi, ɗakin ya cika da ƙauri, aka buɗe tagogi cikin tsananin sanyi, Sista Oda ta rantse an gama wannan wasa. Iya ce ta lallashe ta, da alkawarin kifi mai kyau duk ranar da ta warke. Ta ƙara da cewa gara da ya ƙone, don farin hasken nan ya mai da su kamar kifin da ya kwana a kwando.

Na biyun ba su shafa masa komai ba, suka bar jan ƙarfen yadda yake, Viggo ya goge shi. Aka rataya shi ana saura mako a yi Kirsimeti. Da duhun la'asar ya shigo, Sista Oda ta kashe ƙwayen silin ta kunna shi. Silin ya yi ja-ja kamar hantsi, hasken ya sauko a hankali ya cika ɗakin. Matan suka fara cire tawul ɗaya bayan ɗaya. Wata da ta daɗe ba ta iya saƙa ba ta ce a miƙo mata zarenta.

Iya ta daɗe tana kallon sama. Can ta ce, "'Yar nan, yanzu kam na yarda kina da sana'a."

Hukumar asibitin ba ta yi gaggawa ba. Ɗakin nan kaɗai ta yarda a sa wa, sai da bazara ta shigo likitan yara ya nemi irinta. Bayansa wani asibiti a yankin Jutland ya aiko, daga baya har daga Norway. Iya ta tashi da ƙafafunta, ko da yake ba ta koma bakin ruwa ba, 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta a Amager.

Ragna ta koma maƙera tana dogara sanda. Tun daga nan, duk sabuwar fitilar da aka buga sai ta kwanta a daɓen maƙerar ta kalle ta daga ƙasa kafin ta ce an gama, kuma da yake ƙafar ba ta barinta ta tashi da kanta, Viggo ne ke ɗago ta. Da bayansa ya fara ciwo, sai ya haɗa mata dogon benci mai katifa, ya ajiye shi a tsakiyar maƙerar, ya ce duk wanda ya matsar da shi su haɗu.